Waya uku na taɓa yau a PZ, na dawo gida ban sayi ko ɗaya ba

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sanin kan waya ku matso. Yau da hantsi na shiga PZ, inda ake sayar da wayoyi a nan Zariya, da kuɗina, niyyata in dawo gida da sabuwar waya, amma har aka kira azahar ina tsaye a gaban kanta kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Uku yaron shagon ya jera mini: Tecno Camon 40, Redmi Note 14, sai Samsung Galaxy A16. Kowacce na riƙe ta, na latsa, na ɗauki hoto.

Camon ɗin ba nauyi, ga kyan gani, kuma hoton fuskata da ta ɗauka sai da na sake dubawa in tabbatar ni ce. Redmi ta fi cika mini hannu, yaron kuma sai nanata mini yake wai kyamararta megafiksel 108 ce, sauran biyun 50. Samsung ɗin ba ta da wani ƙyale-ƙyale, shiru-shiru da ita, amma da aka buɗe kwalinta igiya kawai na gani, ba kan caja.

To ga inda gizo ke saƙa. Wasunku sun san atamfa da leshi da shadda nake sayarwa, kuma rabi da kwatan kasuwata a sitatus ɗin WhatsApp take. Wayar da ke hannuna yanzu, ba sai na kama suna ba, ta ja mini asara watan jiya. Wata baiwar Allah a Kaduna ta ga atamfa a sitatus, ta ce shuɗin nan ya yi mata, a aiko turmi shida na anko. Atamfar nan kuwa shunayya ce. Kaya suka je suka dawo, kuɗin mota zuwa da dawowa a kaina, ga jin kunya. Saboda haka ni ba wayar da za ta mayar da ni amarya nake nema ba, wadda za ta faɗi gaskiyar kala nake so. Abin da na ware dubu 300 ne, in ta kama a ɗan ɗora ba laifi. Wacce zan ɗauka?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam Anti. Bari in fara da abin da mai shago ba zai gaya miki ba. In dai masu 4G ne ya nuna miki, wayoyin nan uku kusan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya ta ciki. A16 tana ɗauke da injin MediaTek Helio G99, Redmi Note 14 tana da G99-Ultra, Camon 40 kuma G100. Shi G100 ɗin ma G99 ne aka ɗan yi wa kwaskwarima, G99 kuwa tun 2022 yake kasuwa. Duk kanwar ja ce. Kar wani ya ruɗe ki da cewa wannan ta tsere wa waccan a gudu. Inda yatsanki zai ji bambanci shi ne fuskar waya, wato sikirin: ta Camon da ta Redmi suna sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, ta A16 sau 90, shi ya sa biyun suka fi sulɓi in kina ja sama da ƙasa.

Batun 108 kuma, a ɗauka ta yau da kullum wayar ba ta ba ki hoto mai girman haka. Tana haɗa ɗigo tara-tara su zama ɗaya, hoton ya fito megafiksel 12. Masu 50 suna haɗa huɗu-huɗu, ya fito 12 da rabi. Kin ga an dawo gida ɗaya ke nan. Kuma yawan ɗigo ba shi ke gyara kala ba.

Bakano a Sabon Gari:
Kai Zage-zagi da son boko! An tambaye ka wacce za a saya, ka buɗe mana lacca kamar muna ɗakin karatu a ABU. Hajiya ki hau mota ki zo Farm Centre a Kano, a jera miki ashirin ki zaɓa, ki ci gurasa ki dawo kafin magariba.

Ɗan Samaru:
In ta samu matsala kuma ta sake hawa mota ta kai musu? Kuɗin motar Kano sau biyu ai ya sayi kan cajar da take kuka da rashinsa. Kai da ka baro Kanon ka zo cin arziki a Zazzau, me ya hana ka zama can?

Bakano a Sabon Gari:
Taimako na zo yi muku.

Injiniya na PZ:
Hajiya, ni nawa ganin daban ne, domin ni wayoyi ba a kwali suke zuwa wurina ba, a leda suke zuwa, wasu ma gida biyu. Duk ukun nan fuskar AMOLED gare su. Tana da kyau, baƙinta baƙi ne wuluk, amma ranar da ta fashe za ki san kin sayi waya. Kafin ki biya kuɗi ki zaga wurin masu gyara biyu ko uku ki tambayi kuɗin fuska ta asali ta kowacce. Ba wanda ke yin wannan tambayar ranar saye, kowa sai ranar kuka.

Ga wani abu da mutane ba su sani ba. Camon da Redmi a cikin gilashi ake ɗora yatsa su buɗe. In fuska ta fashe aka sa miki mai araha, wadda ba AMOLED ba, to wannan ɗora yatsar ya tafi ke nan, sai dai lamba. Ita A16 a gefe take karanta yatsa, a jikin maɓallin kunnawa, don haka ko an canja fuska yana nan.

Ta ɓangaren kayan gyara kuwa, Tecno da Infinix da itel duk 'ya'yan kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a China, kuma su suka fi kowa sayar da waya a Afirka. Abin da ya yi yawa a hannun jama'a shi kayansa ke yawa a kasuwa. Na Samsung ma ba a nemansu a rasa. Redmi tana ta ƙaruwa, amma in sabuwar fitowa ce wani lokaci sai na aika Kano ko Legas.

Kina da tagwaye a gida. Ko wacce kika ɗauka, a sa mata gilashin kariya da riga tun a shagon, kafin ta ga ƙofar gidanki.

Maman 'Yan Biyu:
Injiniya kamar ka san su. Hassan ne ya jefa ta farko a bokitin wanki.

Mai POS na Kwangila:
Ni dai batir nake dubawa kafin komai. Kyamara ba ta da amfani in waya ta mutu ƙarfe biyu na rana. Redmi ce ke da babba a cikinsu, 5500 a ma'aunin girman batir na mAh, Camon 5200, Samsung 5000. Amma ku lura da ɗaya gefen, wato saurin cika. Camon tana jan wat 45, Redmi 33, Samsung 25, ita ma sai kin sayi kan da zai iya ba ta 25 ɗin. A garin da za a kawo wuta ƙarfe biyun dare a ɗauke kafin asuba, wani zubin ma minti arba'in ne rabonka, ai wadda ta fi saurin sha ita ce mai babban batir. Ni a rumfata fawa bank biyu nake ajiyewa da ɗan sola, duk da haka in rana ta take sai na rufe data.

Kuma Hajiya kar ki bari a cusa miki kan caja na dubu ɗaya da ɗari biyar a ce na asali ne. Araha ba ta ado.

Autan Hanwa:
Anti ki bar duk wannan hayaniyar. Da kuɗin nan ki nemi iPhone 11 ko ki ɗan ƙara ki ɗauki 12 'yar Landan mai tsabta. Duk manyan masu sayar da kaya a Instagram da me kike gani suna ɗauka? Hoton iPhone a WhatsApp daban ne. Kuma in kwastoma ta gan ki da ita ta san da babbar 'yar kasuwa take magana.

Mai POS na Kwangila:
Auta, kai a jikin soket kake kwana?

Injiniya na PZ:
Auta bai yi ƙarya ba a kan hoto da bidiyo, iPhone tana da kyau a nan. Amma a faɗi sauran. iPhone 11 a 2019 ta fito, 12 a 2020. Batirin 11 bai wuce 3110 ba tun tana sabuwa, na 12 ma bai kai 3000 ba, sannan a cire abin da shekaru suka ci. In za a sayi ta hannu dole a shiga saiti a duba lafiyar batir, a tabbatar buɗe waya da fuskar mutum na aiki, a tabbatar mai ita ya cire iCloud ɗinsa, wato asusunsa na Apple da ke kulle wayar, a gabanka. Wadda aka kulle da iCloud ba abin da zan iya yi mata sai dai in cire kaya. Sannan yawancinsu gidan layi ɗaya gare su, na biyun sai eSIM, wato layin da ba shi da kati. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga 14 zuwa sama ma ba su da gidan layi gaba ɗaya. Hajiya na san layi biyu take riƙewa, na gida da na kasuwa.

Ba na hana kowa, amma sayen ta hannu ba tare da wanda ya sani ba cinikin biri a sama ne.

Autan Hanwa:
Duk da haka dai iPhone iPhone ce.

Baba Malam na Ƙofar Doka:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa ina jin daɗi, ko da yake rabin abin da Ɗan Samaru ya rubuta ya wuce ta saman hulata. Ni har yanzu ƙaramar Nokia ce a aljihuna, babbar da yara suka saya mini sai na dawo gida nake buɗe ta. 'Yata, abin da ya burge ni a tambayarki shi ne kin damu mai saye ya ga abin da zai saya yadda yake. Da can a kasuwar Sabon Gari in mace za ta sayi zane sai ta ce a fito da shi bakin rumfa ta gani a hasken rana, don ta san cikin rumfa duhu na ƙara wa kaya kyau ko ya rage. Ina ganin ko yanzu amsar ba ta yi nisa da nan ba. Ina mai hoton nan namu? Ya zo ya yi magana.

Mai Hoto na Kwarbai:
Ga ni Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi ka riga ni faɗa.

Hajiya, shekara goma sha ina ɗaukar biki da hawan Sallah, kuma shunayya ita ce kalar da ta fi ba kowace kyamara wahala, har manyan da muke ratayawa a wuya. Dalili, kyamara ja da kore da shuɗi kawai take gani, sauran kaloli haɗa su take yi. Shunayya tana tsakanin ja da shuɗi, in lissafin ya ɗan karkata kaɗan sai ta faɗa shuɗi. Ruwan hanta ma haka, wani lokaci ya fito ja, wani lokaci ruwan ƙasa.

Abin da ke karkatar da lissafin kuwa haske ne. Idon mutum yana gane fari ko a ƙarƙashin wane irin ƙwai, ita waya hasashe take yi. In kika shimfiɗa atamfa ta cika hoton baki ɗaya, ba wani fari a ciki, wayar ba ta da ma'auni, sai ta yi ta kame-kame. In kuma a ɗaki ne ƙarƙashin farin ƙwan nan mai ratsin shuɗi da muke sawa saboda sola, to an gama, shunayyarki ta zama shuɗi tun kafin ki latsa.

Ga yadda nake yi in an kawo mini kaya. Ina fitowa da su inuwa, bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa, da hantsi ko bayan la'asar. Ba cikin rana tsaka ba, domin tana wanke kala, shadda kuma ƙyalli take yi ta makantar da kyamara. Ina ajiye farar takarda a gefen zanen ta fito a hoton. Amfaninta biyu: wayar ta samu abin da za ta auna fari da shi, mai saye kuma in ya ga takardar ta yi shuɗi-shuɗi a wayarsa ya san ba daga kayan ba ne. Sannan a kashe duk wani AI da tace hoto da gyaran fuska. Waɗannan an yi su ne don hoto ya burge, su ƙara wa ja ja, su ƙara wa kore kore. Abin da ya sa kika ga kanki kamar amarya a shago, shi ne dai zai sa atamfarki ta yi ƙarya.

Kuma a goge gilashin kyamara. Da hunturun nan rabin hotunan da mutane ke cewa waya ta lalace, ƙura ce da maiƙon hannu.

Maman 'Yan Biyu:
Ikon Allah. Ni kuwa da daddare nake ɗauka in yara sun yi barci, a kan gado, da fitilar caji a hannu ɗaya.

Mai Hoto na Kwarbai:
To ai kin ga ɓarawon. Ko wayar miliyan biyu kika saya, a haka sai ta ba ki kunya.

Ɗan Samaru:
In ƙara a kan na Mai Hoto. Fuskar AMOLED yawanci tana zuwa a saitin da ke ƙara wa kala armashi. Ki shiga saitin fuska ki mayar da ita kan kala ta ainihi, don abin da kike gani ya yi kusa da abin da kika ɗauka. Amma ki sani ba ki da iko da wayar kwastoma. Hoto ɗaya in kika buɗe shi a waya biyar, kala biyar za ki gani. Sannan WhatsApp yana matse hoto. Tun 2023 suka sa alamar HD a sama in za ki tura wa mutum, ki riƙa danna ta. In ciniki ya yi nisa, kamar irin turmi shidan nan, ki tura hoton a matsayin fayil, zai je yadda yake ba a taɓa shi ba.

Mai POS na Kwangila:
Ka dai faɗa mata data zai sha. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 kowa ke lissafin megabait kamar kuɗin cefane.

Hajiyar Gyallesu:
Maman 'Yan Biyu sannu da jaje, ni ma na sha irin wannan. Turaren wuta da humra nake yi, amma ina haɗawa da mayafai. Yanzu ni hoto ma na rage, bidiyo nake yi. In ɗaga mayafin, in juya shi, in kai shi bakin taga, in ce da bakina "wannan ruwan hoda ne mai duhu, ba ja ba ne." Magana ta fi hoto kare mutum. In anko ne kuwa ba na sa kaya a mota sai mun yi kiran bidiyo ta gani ta ce ta yarda.

Don haka ki gwada bidiyon kowacce kina tafiya, ki ga wadda ba ta rawa. Ni hannuna rawa yake, 'yata ce ta ce in nemi mai abin nan da ke riƙe kyamara.

Ɗan Samaru:
OIS take nufi, Hajiya. Ɗan inji ne a cikin kyamarar da ke motsa gilashin ya bi rawar hannu. Camon 40 tana da shi a babbar kyamararta, A16 ba ta da shi. A wurin da haske ya yi ƙaranci yana taimakawa ƙwarai.

Amma tunda an yabi Camon bari in faɗi inda Samsung ta yi zarra, don kar a ce na karɓi kuɗin talla. Sun yi alkawarin sabunta manhajar A16 har sau shida, da gyaran tsaro na shekara shida. A wayar wannan farashin ba ƙaramin abu ba ne. Anti da wayar nan za ki riƙa karɓar kuɗi, manhajar banki a ciki, lambobin kwastomomi a ciki. In waya ta daina samun sabuntawa, a hankali wasu manhajojin ke daina hawa kanta.

Injiniya na PZ:
Shekara shida a takarda. Ɗan Samaru, tsakaninka da Allah, wa ka sani a garin nan da ya riƙe waya ɗaya shekara shida? Batir kansa bayan shekara biyu zuwa uku ya fara sanyi, balle a zafin Zariya na watan Afrilu, ga masu caji a ƙarƙashin filo, ga masu barin waya a gaban mota. Zafi ne babban mai kashe batir. Kuma in ta ɗauki A16 mai ram 4, wato mai ƙaramar ƙwaƙwalwar gudanar da aiki, kafin shekara shidan nan ta cika sai ta riƙa latsawa tana jira kamar mai layin awo a asibitin Shika.

Ɗan Samaru:
Batir ana canjawa Injiniya, ai da shi kake cin abinci. Manhaja kuwa in kamfani ya daina, ba mai gyaran da zai ƙera ta. Amma na yarda da kai a kan ram. Kar ta sayi mai 4, ta nemi 6 ko 8. Kuma Anti in kika ga an rubuta 8+8 a kwali, takwas ɗin farko ne na gaske. Na biyun aro ne daga ma'ajiyar waya, bai kai na asali sauri ba ko kusa.

Injiniya na PZ:
A nan mun haɗu. Ma'ajiya kuma ta nemi gigabait 256. Mai sayar da kaya a WhatsApp, ga hotuna ga bidiyo ga guruf talatin, 128 kafin shekara ta cika.

Bakano a Sabon Gari:
Duk kun manta da 5G. Mu a Kano tun 2022 da MTN ta fara muna cikin garuruwa bakwai na farko. Ku kuna nan kuna musu a kan wayoyin 4G.

Mai POS na Kwangila:
Malam, ni in 4G ya tsaya cak daga safe zuwa dare ba tare da kwastoma ya tsaya yana harara ta ba, na gode Allah. Wanda zai ƙara kuɗi don 5G ya fara tambayar maƙwabtansa ko suna ganin sa a unguwar.

Autan Hanwa:
iPhone 12 tana da 5G dai.

Shugaban Zaure:
Auta an ji. Jama'a a tsaya kan tambayar Hajiya. Wanda ya turo tallan biya kaɗan-kaɗan na goge, ba a talla a nan sai ranar Asabar.

Hajiyar Gyallesu:
Gara da ka goge. Mai son irin wannan ya karanta sharuɗɗan da kyau, ya lissafa jimillar abin da zai biya, ya kuma san in ya yi jinkiri kulle wayar ake yi daga nesa. Sauran bayani kuma ya tambayi malamai.

Baba Malam na Ƙofar Doka:
'Yata, shawarata ɗaya. Ki ɗauki atamfar nan da ta jawo magana ki koma da ita shagon. Gani ya kori ji.

Injiniya na PZ:
Haka ne Baba. In kin tashi biya kuma, a buɗe kwali a gabanki, ki danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, ki gwada ta da wadda ke jikin kwali. A rubuta miki ita a rasit. Ki sa layinki ki yi kira, ki gwada sifika, ki jona caja ki ga tana jan caji mai sauri.

Maman 'Yan Biyu:
Jama'a na dawo, ku yi haƙuri kwana uku shiru, Hussaini ne ba lafiya amma ya warware alhamdulillah.

Jiya na koma PZ da atamfar a jaka da farar takarda da na yago daga littafin yara. Yaron shagon ya ɗauka wasa nake, sai da maigidansa ya ce a bar ni. Na fara ɗauka a cikin shago ƙarƙashin fitilunsu. Wallahi duk ukun ba wadda ta ba ni shunayyar da ke hannuna, kowacce da inda ta karkata. Sai muka fito bakin ƙofa inda inuwa take, na shimfiɗa a kan benci, na ajiye takardar, aka kashe AI ɗin. Nan fa duk suka dawo hanya. Akwai ɗan bambanci, wata ta fi haske wata ta fi duhu, amma ba wadda mutum zai gani ya ce shuɗi ne. Abin haushi, na fito da tsohuwar wayata na ɗauka a wurin, ita ma ta yi kusa. Har masu wucewa suka tsaya kallo, wata ma ta tambayi kuɗin atamfar.

Na ɗan yi tunanin in mayar da kuɗina cikin jari in ci gaba da tsohuwar, amma batirinta ba ya kai azahar, kuma kullum tana ce mini ma'ajiya ta cika. Camon 40 na ɗauka, mai 256. Ba don hoton fuska ba, na ma kashe shi. Bidiyon da na yi ina juya leshi ya fi zama a idona, ga maganar Mai POS ta saurin caji, ga caja a kwali. Samsung ɗin ta tsaya mini a rai saboda shekara shidan nan, na daɗe ina juya ta. Redmi kuma tana da ramin iyafis, wanda nake jin karatu da shi in ina ninke kaya, wannan ma sai da na yi jim.

Kwana ɗaya dai ba a gane halin waya. In an kwana biyu zan faɗa muku yadda muke ciki.

Ɗan Samaru:
Allah ya sa alheri Anti. Ni da A16 mai ram 8 zan ɗauka, amma ba ni ke juya leshi a gaban kyamara ba.

Injiniya na PZ:
Allah ya sanya albarka. An sa mata riga?

Maman 'Yan Biyu:
An sa, har gilashi. A saman wadirob take kwana.

Mai Hoto na Kwarbai:
Madalla. Ki turo mana hoton atamfar mu gani, da takardar a gefe.

Bakano a Sabon Gari:
Hajiya, turmi shidan nan da aka dawo da su suna nan? Uwargida na da biki a Fagge ƙarshen wata. Amma farashin kayan da aka dawo da su za ki yi mini.

Maman 'Yan Biyu:
Saura huɗu. Kuma kuɗinsu bai ragu ba ko sisi, Malam Bakano. Ka turo ta Tudun Wada ta gani da idonta.